Northern Dancer: asalin ƙaramin dokin Kanada da jininsa ya mamaye filayen tsere

Wani mai karatu, ma'abocin kiwon dawaki, ya aiko da wannan tambaya: "Na ji ana cewa kusan duk dawakin da ke cin manyan tsere a duniya yau jikokin doki ɗaya ne, wani ƙaramin ingarma na Kanada mai suna Northern Dancer. Shin gaskiya ne? Wane irin asali gare shi, kuma me ya sa ya fita daban da sauran?"

Malam, Allah ya saka da alheri. Abin da ka ji gaskiya ne, in dai ana maganar irin dawakin tseren nan da Turawa ke kira Thoroughbred, waɗanda ake sukuwa da su a Epsom da Ascot da Kentucky da Dubai da Tokyo da Melbourne. A 2020 wasu masana a ƙasar Ireland suka fitar da sakamakon binciken ƙwayoyin gado na dawaki sama da 10,000 na wannan iri daga ƙasashe daban-daban, suka tarar kashi 97 cikin 100 nasabarsu tana komawa ga Northern Dancer, ko ta wajen uba ko ta wajen uwa. Ga doki da aka haifa a 1961, wannan yaɗuwa ce mai ban mamaki.

Dalilin da ya sa ake iya faɗin haka da tabbaci shi ne rubutu. Mu a nan gida mun fi riƙe asalin doki da baki, a ce wannan ɗan ingarman wane ne, uwarsa daga barga kaza ta fito. Su kuwa tun 1791 gidan Weatherby a Ingila ya fara fitar da kundin nasabar dawaki, kuma har gobe duƙushin da uwarsa da ubansa ba sa cikin kundi ba ya shiga wannan iri. Ka'idarsu kuma ita ce sai ingarma ya hau goɗiya da kansa, ba a karɓar duƙushin da aka samu ta hanyar ɗura maniyyi. Saboda haka in ka kama tsatson Northern Dancer ta wajen uba kana iya binsa suna bayan suna: Nearctic, Nearco, Pharos, Phalaris, har ka kai ga Eclipse da aka haifa a 1764, ka wuce zuwa Darley Arabian, dokin Larabawa da Thomas Darley ya saya a Halab ta Siriya ya aika Ingila a 1704. Amma wannan doguwar salsala ba ta bambanta shi da kowa, domin kusan kashi 95 cikin 100 na waɗannan dawaki ta wajen uba ga Darley Arabian ɗin suke komawa. Inda maganar take shi ne kakanninsa na kusa.

Kakansa na wajen uba, Nearco, a Italiya aka haife shi a 1935, a hannun Federico Tesio, wanda masu kiwo da yawa ke ɗauka a matsayin gwanin gwanaye wajen haɗa jini. Nearco ya yi tsere 14 ya ci 14. Bayan ya je Faransa ya ci Grand Prix de Paris a 1938, Tesio ya sayar da shi ga wani Bature mai harkar caca, Martin Benson, a kan fam 60,000, kuɗin da ba a taɓa sayen doki da shi ba kafin nan. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, sai da aka gina masa maɓoya a ƙarƙashin ƙasa a Newmarket don gudun bama-bamai. Manyan rassa uku ne suka fito daga gare shi, na Nasrullah da na Royal Charger da na Nearctic.

Yadda aka samu Nearctic ya nuna irin mutumin da ke bayan wannan labari. E. P. Taylor attajiri ne ɗan Kanada wanda ya ƙudurta sai ya nuna cewa ana iya kiwon dokin duniya a ƙasar sanyi da ƙanƙara, alhali kowa ya tafi a kan cewa sai Kentucky ko Ingila. A kasuwar gwanjon Newmarket ta Disamba 1952 ya sa aka saya masa wata goɗiya, Lady Angela, 'yar Hyperion, tana ɗauke da cikin Nearco. Bai yarda a kawo ta nan take ba. Ya sa aka bar ta ta haihu a Ingila, aka sake kai ta ga Nearco, sannan aka ɗoro ta a jirgin ruwa da ɗa a gefe da wani a ciki. Na cikin shi ne Nearctic, wanda aka haifa a Kanada a 1954, doki mai zafin gudu da zafin kai, da ya zama gwarzon dawakin Kanada a 1958. Shi kuwa Hyperion, uban Lady Angela, ka riƙe sunansa: ya ci Derby na Epsom da St Leger a 1933, kuma shi ma gajere ne ƙwarai. Gajartar Northern Dancer ba daga sama ta faɗo ba.

Yanzu ga ɓangaren da na fi son ka tsaya a kai, domin shi ne masu ba da labari suka fi tsallakewa, wato dangin uwa. Uwarsa Natalma 'yar Native Dancer ce, furden dokin Amurka da ya yi tsere 22 ya ci 21, ɗayan da ya rasa kuwa shi ne Kentucky Derby na 1953. Uwar Natalma ita ce Almahmoud, 'yar Mahmoud, dokin Aga Khan da ya ci Derby na Epsom a 1936 cikin lokacin da ya daɗe ba a karya ba. Taylor ya sayi Natalma tana 'yar shekara ɗaya a Saratoga a 1958 kan dala 35,000. Tana da gudu na gaske. Ta riga kowa isowa a tseren Spinaway amma alƙalai suka mayar da ita ta uku saboda ta tare wa wata hanya. A 1960 ana shirya ta don Kentucky Oaks sai ƙashin gwiwarta ya samu matsala, aka fitar da ita daga tsere, aka kai ta ga Nearctic a ƙurarren lokaci, ana dab da rufe barbarar shekarar.

Ka duba abin da gidan Almahmoud ya haifar ban da Northern Dancer. Wata 'yarta, Cosmah, ita ta haifi Halo, Halo kuma ya haifi Sunday Silence, ingarman da ya sauya tseren Japan gaba ɗaya. Natalma ita kanta ta haifi wata 'ya, Spring Adieu, wadda ta zama kakar Danehill, zan zo kansa. Kenan goɗiya ɗaya ce take tsaye a bayan manyan zuriyoyi biyu da suka fi ƙarfi a Turai da Japan. Ni a ganina duk mai kiwon da yake duba ingarma kaɗai ya manta da goɗiya ya bar rabin karatu. Sunan ingarma ne ke tashi saboda yana haifar ɗaruruwa, goɗiya kuwa a rayuwarta da wuya ta wuce goma sha wani abu, amma rabin jinin kowane duƙushi nata ne.

Jinkirin barbarar nan ya sa aka haifi Northern Dancer a ranar 27 ga Mayu 1961, a gonar Windfields da ke Oshawa a lardin Ontario. A ƙasashen arewacin duniya kowane dokin tsere ana ƙara masa shekara ne a ranar 1 ga Janairu, ko a wane wata aka haife shi. Saboda haka ɗan ƙarshen Mayu yana gogayya da 'yan Fabrairu da Maris a matsayin tsara, ga shi kuma dama jinin gajeru ne. Ja ne mai baƙar geza da baƙar wutsiya, da farin zane a fuska wanda ya ɗan karkace zuwa hanci, ƙafafu uku farare. Ƙirji faffaɗa, ɗuwawu cike da tsoka, ƙafafu gajeru. Ko da ya gama girma tsayinsa a kafaɗa bai wuce wajen santimita 155 ba, alhali sa'o'insa suna haura 160. Taylor yakan baje duƙusansa 'yan shekara ɗaya da farashi a rubuce, wanda ya ga ya yi masa ya ɗauka. Aka sa wa wannan dala 25,000. Masu saye suka zo suka duba, suka ce ƙuru ne, suka wuce. Haka ya zauna a hannun mai shi.

Mai horar da shi, Horatio Luro, mutumin Ajantina, ya so a dandaƙe shi saboda fitinarsa ta yi yawa, Taylor ya ƙi. Da an bi shawarar Luro da babu wannan amsa da nake rubuta maka. Ya fara tsere a Agusta 1963 a filin Fort Erie, da wani matashin mahayi Ron Turcotte a kansa, wanda daga baya ya hau shahararren dokin Amurka Secretariat. A shekarar ya fita sau 9 ya ci 7. Kofatonsa ɗaya ya tsage, aka yi masa faci da wata irin roba, ya ci gaba da aiki. A farkon 1964 ya ci Flamingo da Florida Derby a ƙarƙashin Bill Shoemaker, amma da Kentucky Derby ta matso Shoemaker ya sauka ya zaɓi Hill Rise, dogon doki daga California da ake ganin ba a iya ja da shi. Aka ba Bill Hartack linzamin ƙaramin.

Ranar 2 ga Mayu 1964, tazarar mil ɗaya da kwata, wato kusan mita 2,000. Hartack ya ɓoye shi a bayan na gaba, kusa da shinge, har aka kusa kwana ta ƙarshe, sannan ya zare shi waje tun kafin Shoemaker ya ankara, ya ba da rata. A miƙaƙƙiyar hanyar ƙarshe Hill Rise ya taso da dogon takunsa yana cin ratar kaɗan-kaɗan, shi kuma ƙaramin yana sakin taku gajeru masu sauri, bai sassauta ba. Ya tsallake layi da tazarar wuya. Agogo ya nuna minti 2 cif, lokacin da ba a taɓa yi ba a tarihin tseren, kuma ya tsaya har sai da Secretariat ya karya shi a 1973. Shi ne doki na farko haifaffen Kanada da ya ci wannan tsere, kuma a ranar bai ma cika shekara uku na haƙiƙa ba. Bayan mako biyu ya ci Preakness, na biyu cikin manyan tsere uku na Amurka. A na ƙarshensu, Belmont, mil ɗaya da rabi, ya zo na uku a bayan Quadrangle. Ya koma gida ya ci Queen's Plate a Toronto da rata mai yawa, daga nan jijiyar ƙafarsa ta gaba ta kumbura, tsere ya ƙare. Jimilla ya fita sau 18, ya ci 14, ya zo na biyu sau 2, na uku sau 2, bai taɓa faɗowa ƙasa da haka ba.

Wannan tarihi ne mai kyau, amma in tsere kaɗai za a duba akwai dawakin da suka fi shi. Secretariat ya fi shi gudu, ba gardama, amma 'ya'yan Secretariat maza ba su kafa zuriya ba, ta wajen 'ya'yansa mata ne jininsa ya ɗore. Abin da ya fitar da Northern Dancer daban a barga ya faru.

Ya fara barbara a 1965 a kan dala 10,000. Saboda gajartarsa sai da aka gyara wurin yadda goɗiya za ta tsaya ƙasa-ƙasa shi yana ɗan tudu, sannan ya iya kaiwa ga dogaye. Haihuwarsa ta farko duƙusai 21 ne, 10 daga ciki suka ci manyan tsere. Masu kiwo sukan ce ingarman da ɗaya cikin goma na 'ya'yansa suka kai wannan matsayi ya cika ingarma. A haihuwa ta biyu aka samu Nijinsky. Vincent O'Brien, mai horarwa ɗan Ireland, ya zo Windfields ne don ya duba wa attajiri Charles Engelhard wani duƙushi daban, ɗan Ribot. Wancan bai yi masa ba, idonsa ya faɗa kan wani dogo ɗan Northern Dancer da Flaming Page, ya ce a sayi wannan. Aka saya kan dala 84,000. A 1970 Nijinsky, da Lester Piggott a kansa, ya ci 2000 Guineas da Derby da St Leger, manyan tsere uku na Ingila. Rabon da a yi haka tun Bahram a 1935, kuma tun daga Nijinsky ba a sake yi ba har yau. Camelot ya kusa a 2012, ya ci biyu ya zo na biyu a St Leger, shi ma kuma jinin gidan ne.

Nijinsky ya tabbatar da abu ɗaya da ya juya kasuwa: ɗan dokin da ya yi suna a filin turɓaya na Amurka yana iya cin filin ciyawa na Turai, a gajeren zango da dogo. Tuni an mayar da Northern Dancer gonar Taylor ta jihar Maryland a ƙarshen 1968 don ya samu manyan goɗiyoyin Amurka, a 1970 kuma aka kasa mallakarsa hannun jari 32 kan jimillar dala miliyan 2.4. Daga 1975 O'Brien da surukinsa John Magnier da Robert Sangster suka riƙa zuwa gwanjon Keeneland a Kentucky da niyya ɗaya, su kwashe 'ya'yansa maza, su ci tsere da su a Turai, su mayar da su ingarmu. Sun sayi The Minstrel kan dala 200,000, ya ci Derby a 1977, aka kimanta shi dala miliyan 9 a matsayin ingarma. Da 'ya'yan gidan Maktoum na Dubai suka shigo da irin wannan niyya, sai farashi ya haukace. A Derby na 1984 dawaki biyu da suka iso layi kai da kai, Secreto da El Gran Senor, duk 'ya'yansa ne, na farko David O'Brien ne ya horar da shi, na biyu kuma mahaifin David ɗin, Vincent. Kuɗin barbararsa ya kai dala 500,000, a bayan fage kuma an biya har miliyan 1, ba tare da alkawarin goɗiya za ta ɗauka ba. A 1981, yana da shekara 20, aka taya shi dala miliyan 40, masu shi suka ce albarka.

A nan ya kamata in gaya maka ɗaya gefen, domin tambayarka tana iya sa mutum ya ɗauka asali shi ne komai. A Yuli 1983 a Keeneland, Sheikh Mohammed bin Rashid ya sayi wani ɗan Northern Dancer kan dala miliyan 10.2 bayan doguwar ja-in-ja da su Sangster. Allon da ke nuna farashi ba shi da gurbin lambobi takwas, sai da ya koma sifili. Aka raɗa wa duƙushin Snaafi Dancer. Da aka sa shi horo aka ga ba shi da gudun da za a fitar da shi gaban jama'a, bai taɓa shiga tsere ko ɗaya ba. Aka kai shi barbara, nan ma aka tarar kusan ba ya haihuwa, 'ya'ya huɗu kacal ya bari. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. A gefe guda kuma ga wani ɗansa, Danzig, wanda gwiwoyinsa suka hana shi wuce tsere uku ƙanana a 1979 da 1980, duk ya ci su, amma babu babba ko ɗaya. Shi ne ya zama ɗaya daga cikin manyan ingarmun ƙarni. Uba ɗaya, sakamako biyu. Kowane duƙushi yana ɗaukar rabin gadon uba da rabin na uwa, amma wane rabi zai faɗo masa, wannan ba a hannun mai kiwo yake ba. Alƙaluman Northern Dancer kansa sun nuna haka: 'ya'ya 645 masu suna a kundi, 411 suka ci tsere, 147 suka ci manya. Kusan kashi 23 cikin 100 ke nan, adadin da da wuya a sake gani, amma ko a hakan uku cikin huɗu ba su kai ba.

To me ya sa jininsa ya mamaye, ba na wani ba? Amsata ita ce 'ya'yansa maza sun gaji iya haihuwa, ba iya gudu kaɗai ba, kuma ba ɗaya ko biyu ba. Ingarma nagari yakan bar ɗa ɗaya da zai riƙe gida. Wannan ya bar fiye da goma, kowanne da irin baiwarsa, suka watsu nahiyoyi. Sadler's Wells, wanda aka haifa a 1981, ya zauna a gonar Coolmore a Ireland ya zama zakaran ingarmun Birtaniya da Ireland sau 14, ya karya tarihin da Highflyer ya kafa tun ƙarni na 18. 'Ya'yansa masu dogon numfashi ne, masu son mil ɗaya da rabi. Ɗansa Montjeu ya haifi dawaki 4 da suka ci Derby na Epsom, ɗansa Galileo ya haifi 5, ya kuma riƙe kambun ingarmu sau 12 kafin ya mutu a 2021. Reshen Danzig na zafin gudu ne, daga shi aka samu Green Desert da Danehill. Storm Bird ya haifi Storm Cat a Amurka, wanda shi ma kuɗin barbararsa ya kai dala 500,000, kuma ta tsatsonsa Justify ya fito, wanda ya ci manyan tsere uku na Amurka a 2018. Lyphard ya haifi Dancing Brave. Nureyev ya yi suna a Faransa da Amurka. Vice Regent ya riƙe Kanada. Northern Taste, wanda gidan Yoshida suka saya, ya shugabanci ingarmun Japan kusan shekara goma, kuma 'ya'yansa mata na cikin waɗanda aka kai wa Sunday Silence daga baya.

Masana ƙwayoyin gado sun gano wani yanki na dalilin. Akwai wata ƙwayar gado da ke tsara girman tsoka, ana kiranta myostatin, wadda Emmeline Hill da abokan aikinta a Dublin suka nuna a 2010 cewa tana da alaƙa da zangon da doki ya fi iyawa. Tana da siga biyu. Dokin da ya gaji siga ta farko daga uwa da uba yakan cika da tsoka da wuri, ya yi zafin gudu a gajeren zango. Wanda ya gaji ta biyu daga duka ɓangarorin yakan yi jinkirin girma amma ya jure dogon zango, mai ɗaya-ɗaya kuma yana tsakiya. Wani bincike na 2012 ya nuna cewa yaɗuwar sigar saurin a dawakin yau ta biyo ta Nearctic ne, Northern Dancer kuma ya watsa ta. Wannan ya zo daidai da lokacin da kasuwa ta koma son dokin da zai fara tsere yana ɗan shekara biyu ya mayar da kuɗi da wuri. Amma ƙwaya ɗaya ba ta bayyana Nijinsky ko Sadler's Wells ba. Abin da masu horarwa suka fi yabawa a zuriyarsa shi ne daidaiton jiki, da iya sauya gudu farat ɗaya a tsakiyar tsere, da zuciyar da ba ta son a wuce ta. Kada kuma a manta da taimakon da nasara ke jawowa: da Nijinsky ya fito, goɗiyoyin da suka fi kowa kyau a duniya aka riƙa kawo masa, haka kuma 'ya'yansa, don haka kowace haihuwa ta fara da fifiko.

Ya daina barbara a 1987. A ranar 16 ga Nuwamba 1990, yana da shekara 29, ciwon ciki mai tsanani ya kama shi, likitoci suka ga shekarunsa ba za su ɗauki tiyata ba, aka hutar da shi. Aka ɗauki gawarsa a mota daga Maryland zuwa Oshawa aka binne shi a gonar da aka haife shi.

In kana son ka ga yadda gadon yake a takarda, ɗauki nasabar Frankel, dokin Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya, wanda Henry Cecil ya horar, ya yi tsere 14 ya ci 14 tsakanin 2010 da 2012. Ubansa Galileo, ɗan Sadler's Wells, ɗan Northern Dancer. Uwarsa Kind, 'yar Danehill, ɗan Danzig, ɗan Northern Dancer. Sau biyu ke nan, a hawa na uku ta sama da hawa na huɗu ta ƙasa. Sannan shi Danehill, ubansa jikan Natalma ne ta Northern Dancer, uwarsa Razyana kuma jikar Natalma ce ta Spring Adieu. Kenan Natalma ta fito sau uku a jikin Frankel. Haɗin juriyar Galileo da saurin 'ya'yan Danehill ya ba da zakaru da yawa, har ya zama hanyar da kowa ke bi. Enable, goɗiyar da ta ci Prix de l'Arc de Triomphe a 2017 da 2018, ta fi haka kusanci: kakanta na wajen uba Galileo ne ɗan Sadler's Wells, uwarta kuma 'yar Sadler's Wells ce kai tsaye.

Wannan shi ne abin da ke damuna, kuma ina ganin ya kamata ya dami duk mai son doki. Northern Dancer a zamaninsa goɗiyoyi wajen 40 yake hawa a shekara, shi ya sa a shekaru sama da 20 bai wuce 'ya'ya 645 ba. Jikokinsa a yau wasu suna hawa fiye da 200 a shekara, domin na'urar duba ciki tana nuna wa likita ranar da goɗiya ta shirya, hawa ɗaya ya wadatar. Ana kuma ɗaukar ingarma a jirgin sama ya yi rabin shekara a Ireland ko Kentucky, rabi a Ostireliya, inda lokacin barbara ya saɓa. Danehill ne ya fara nuna ƙarfin wannan tsari, ya zama zakaran ingarmun Ostireliya sau 9, na Birtaniya da Ireland sau 3. Binciken 2020 da na ambata ya nuna kusancin jini yana ƙaruwa a cikin irin tun shekaru kusan hamsin da suka wuce, kuma fiye da rabin dawakin Ostireliya da New Zealand da aka duba suna ɗauke da Danehill. Kusancin jini yana tara alheri, yana kuma tara aibin da ke ɓoye, irin su raunin haihuwa da raunin ƙashi, kuma kundin a rufe yake, babu damar shigo da sabon jini daga waje. Hukumar da ke riƙe kundin Amurka, Jockey Club, ta sa doka a 2020 cewa ingarman da aka haifa daga shekarar kada ya wuce goɗiyoyi 140 a shekara. Manyan gonaki uku na Kentucky suka kai ƙara kotu, majalisar jihar ma ta taso, a Fabrairu 2022 aka janye dokar. A ganina an yi asara, domin dokar tana kan hanya.

Saboda haka yanzu ingarman da jinin Northern Dancer ya yi masa nisa ya zama abin nema, don a samu wanda za a kai wa dubban goɗiyoyin gidan Galileo da Danehill. Wannan na cikin dalilan da suka ɗaga darajar Dubawi na gidan Maktoum, wanda tsatsonsa na Mr. Prospector ne, jikan Native Dancer. Amma in ka buɗe takardarsa za ka tarar da Shareef Dancer a ɓangaren uba da Dancing Brave a ɓangaren uwa, duk 'yan gida. Deep Impact na Japan ɗan Sunday Silence ne, amma uwarsa jikar Lyphard ce. Ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan na baya-bayan nan da babu Northern Dancer a jikinsu ko kaɗan shi ne Monsun na Jamus, daga tsohon tsatson Blandford, wanda 'ya'yansa uku, Fiorente da Protectionist da Almandin, suka ci Melbourne Cup a 2013 da 2014 da 2016. Monsun ya mutu a 2012, kuma yawancin 'ya'yansa maza da suka zama ingarmu an karkatar da su ga haifar dawakin tsallake shinge, domin kasuwar tseren fili ba ta biyan kuɗi mai yawa kan dokin da sai ya kai shekara huɗu yake nuna kansa.